Washegarin Zanga-zanga: Yadda Za a Rubuta wa Matasan Zango Labarin Fafutuka, Zane da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

A 'yan shekarun nan, da wuya wani matashi daga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, unguwanninmu na Zango a Akra, babban birnin Gana, ya kawo mini rubutunsa in duba ban tarar da zanga-zanga a ciki ba. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suke tsakanin shekara 16 da 25 a yau sun taso ne suna kallon gangamin FixTheCountry, wato "a gyara ƙasa", na ranar 4 ga Agusta 2021, da kamen mutum 49 da aka yi a Satumban 2023 a ranar farko ta zanga-zangar da ta nufi fadar shugaban ƙasa, da kuma fitowar da aka yi a 2024 a kan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta mayar da ruwan kogunan Pra da Offin kamar kunun kanwa. Abin da ke damuna shi ne kusan dukkan labaran zubinsu ɗaya: a babin farko yaro ya fusata, a tsakiya ya karɓi lasifika ya yi jawabin da ko ɗan majalisa ba zai iya ba, a ƙarshe kuma hukuma ta ji kunya ta gyara. Idan akwai zane a ciki, kwalliya ce kawai. Idan akwai rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuka ne na shafi guda, sai a share hawaye a wuce.

Zanga-zanga galibi yini ɗaya ce, sau da yawa ma ba ta kaiwa la'asar. Labarin da zai kama zuciyar mai karatu yana cikin makonnin da suka gabace ta da watannin da suka biyo bayanta, lokacin da 'yan jarida suka naɗe wayoyinsu, aka share titi, yaron kuma ya koma ɗakin da yake kwana da ƙannensa huɗu ya kasa runtsawa. Duk shawarwarin da ke tafe a kan wannan suke.

Ka fara da mutum ɗaya da buƙata ƙarama. Bari mu ƙaga wata yarinya domin misali, mu kira ta Hajara, 'yar shekara 16, tana aji biyu a babbar sakandare ta jeka-ka-dawo, ranakun Asabar da Lahadi kuma tana koyon rubutun allon talla a shagon wani mai fenti kusa da kasuwar Nima. Burinta a farkon littafi kada ya wuce ƙarfinta: tana so mastanta, wato mai fentin da ke koya mata, ya bar ta ta rubuta allon wani shagon aski daga farko har ƙarshe ita kaɗai, ta karɓi kuɗin da hannunta. Yarinya irin wannan ba ta tashi da safe tana tunanin kundin tsarin mulki. Abin da zai fitar da ita titi dole ne ya shigo har cikin gidansu, kamar ruwan kwata da ya cika ɗakin kakarta a damina ya lalata katifa da littattafai, ko wanta da aka kama a majalisar samarin unguwa, wadda suke kira bes, yana shan ataya, aka kwana biyu ba a san inda yake ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai karatu ɗan shekara 15 yakan gane nan take idan fushin tauraruwa nata ne ko kuwa na marubuci ne da ya ara mata.

Adabin matasa yana da sharaɗi guda da ba a karya shi: a bar labarin a idon matashin. Ko ka rubuta da muryar "ni" ko da muryar "ita", kada ka san abin da Hajara ba ta sani ba, kada kuma wani babba ya zo a babin ƙarshe ya warware mata kome. Manya su kasance a ciki da nauyinsu da hujjojinsu, amma yanke shawara nata ne, kuskuren ma nata ne.

Daga nan sai ka koyi yadda zanga-zanga take gudana a Gana a zahiri, domin a nan ne rubuce-rubuce da yawa suke tona asirin kansu. Sashe na 21 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin taro da jerin gwano, amma dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta wajabta a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar, kuma 'yan sanda suna iya neman a sauya hanya ko rana, ko su garzaya kotu su nemi a hana. Waɗannan kwana biyar ɗin taska ce ga marubuci, domin a cikinsu ne ake gardama a zauren WhatsApp a kan wanda zai sa hannu a takarda, a cikinsu ne ake karo-karon kuɗin kwali da ruwan leda da jan ƙyallen da ake ɗaurawa a hannu ko a goshi, wanda a ƙasar nan alama ce ta fushi da makoki, a cikinsu ne kuma wani ɗan siyasa yake aiko da motoci da riguna kyauta, sai samari su rabu biyu a kan karɓa ko ƙi. Idan an yi kame, sashe na 14 ya ce a kai mutum gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2019 cewa ranakun ƙarshen mako da na hutu suna cikin lissafin. Wanda bai kai shekara 18 ba yana ƙarƙashin dokar shari'ar yara ta 2003, wadda ta bambanta shi da babba. Ba sai ka zuba waɗannan sassa a bakin taurarinka ba. Ya isa uwa ta zauna a kan benci a bakin caji ofis da kwanon waake, wato shinkafa da wake, a cinyarta, tana ƙirga awoyi da yatsu domin wani lauya ya gaya mata adadinsu.

Ranar kanta kuwa ka rubuta ta daga ƙasa, daga tsayin idon yarinyar. Wanda yake cikin taro ba ya ganin taro. Yana ganin bayan rigar wanda ke gabansa, yana jin zafin kwalta ta cikin silifas, yana neman ƙawarsa da ta ɓace masa tun daga shataletalen Kwame Nkrumah. Barkonon tsohuwa yana ƙona ido da hanci da maƙogwaro, yana sa tari da majina, kuma mutum yakan rasa gabas da yamma na ɗan lokaci. Shafi biyar na irin wannan sun fi babi uku na jawabai.

Akwai abin da ya keɓanta da mu 'yan Zango wanda marubucin da ba na nan ba ba zai kawo shi ba, shi ne dalilin da ya sa tsofaffinmu suke tsoron fita titi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasar, kuma iyalai masu yawa na Zango, har da waɗanda aka haifa a nan, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka tafi Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe, suka bar gidaje da rumfunan kasuwa. Kakar da ta ga wannan da idonta tana da hujja idan ta ce kada jikarta ta ja hankalin hukuma. Ga yadda irin wannan zance zai iya kasancewa:

"Kaka, bango ne kawai zan yi wa fenti, ba dutse zan jefa ba."

"Uwata, lokacin Busiya ma ba mu jefi kowa ba. Da asuba muka ga maƙwabtanmu a bayan babbar mota da tukwanensu. Ke dai ki ci tuwonki, ki bar Ankara da masu ita."

Ka lura kakar tana kiran jikar "uwata" domin sunan mahaifiyarta aka sa mata, tana kuma kiran Akra da sunan da tsofaffin Hausawa suka san ta da shi. Babu mugu a wannan zance, kuma hakan ne ya sa yake da ciwo. Haka nan ka tuna da tabon da aka daɗe ana shafa wa samarin Zango na cewa su ne 'yan tada zaune tsaye da 'yan bangar siyasa, wanda ya sa idan ɗan Zango ya ɗaga kwali ana yi masa wani kallo dabam da na ɗan wata unguwa. Mutanen Asawase a Kumasi ba su manta da samari bakwai da 'yan sanda suka harbe a yankin Manso Nkwanta a Yulin 2018 ba, haka mutanen Ejura ba su manta da ranar 29 ga Yuni 2021 ba, lokacin da aka harbe mutum biyu a zanga-zangar da ta biyo bayan mutuwar ɗan fafutuka Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka. Ka san waɗannan abubuwa, ka bar su su zauna a bayan labarinka kamar hadari, amma ina ba ka shawara kada ka ɗauki mamaci na gaskiya ka mayar da shi tauraron ƙagaggen labari kana sa masa magana a baki. Iyayensa da 'ya'yansa suna raye, kuma suna karatu. Ka ƙagi unguwarka, ka ƙagi ranarka.

Yanzu sai zane, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "ta zana hoto mai ratsa zuciya" a wuce. Mai karatu bai ga kome ba. Zane aiki ne na hannu, yana da kayan aiki da tsada da wari, kuma marubuci ba zai iya rubuta shi daga kan kujera ba. Ka je shagon mai fenti ka nemi izini ka zauna yini guda. Za ka ga yadda ake jan layi da zare da alli kafin a taɓa buroshi, da yadda ake sirka fentin mai da kananzir ko fetur, da gwangwanin madara da aka mayar wurin haɗa launi, da yadda bangon da ba a yi masa farin shafe ba yake shanye fenti kamar ƙasar rani. Za ka ji masta yana faɗa a kan buroshin da aka bari ya bushe. Gana tana da tsohuwar al'adar wannan sana'a, daga allunan masu aski da rubuce-rubucen bayan torotoro, wato ƙananan motocin haya, har zuwa hotunan tallan fim da aka riƙa zanawa a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990, lokacin da masu bidiyo suke yawo gari-gari da janareto. Hajara jikar wannan al'ada ce ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sannan ka tambayi kanka: bangon na wane ne? A Nima babu bangon da ba shi da mai shi. Ko na maigida ne, ko na makaranta, ko na masallaci, ko na hukumar birni, kuma neman izini kaɗai zai iya cin babi guda mai daɗi. Akwai kuma tambayar da marubutanmu suke kauce wa saboda nauyinta, wato hukuncin zana mai rai. A gidajenmu da yawa an taso da cewa zana surar mutum ko dabba ba ya halatta, malamai kuma suna da bayanai da saɓani a kan haka. Kada ka mayar da malamin makarantar Hajara jahili mai hana ci gaba, kada kuma ka yi kamar matsalar ba ta nan. Ka bar ta ta yi fama da ita da gaske. Wataƙila abin da za ta zana a ƙarshe ba fuska ba ne: takalma ne guda bakwai a jere a bakin ƙofa, ko layi ɗaya mai launin laka da ya bi bangon unguwa a daidai tsayin da ruwa ya kai, da sunayen gidajen da ya shiga an rubuta su da irin zayyanar da ake yi wa allon sauka. Ƙuntatawa irin wannan takan haifi zane mafi ƙarfi, kuma a nan ne labarinka zai zama na Zango da gaske.

Misalai na zahiri suna kusa da mu. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987 ya kuma yi karatun zane a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ya yi suna ne da ɗinke tsofaffin buhunan da suka ɗauki kokon cakulan da gawayi yana lulluɓe manyan gine-gine da su, har da babban ɗakin wasan kwaikwayo na ƙasa a Akra a 2016. Buhun da kansa yana ba da labarin 'yan dako da guminsu, ba sai an rubuta taken komai a kai ba. Moh Awudu, ɗan Nima, ya fito da zanen bango daga lungunan unguwarmu har ya kai shi manyan titunan birni, bikin Chale Wote kuma, wanda aka fara a Jamestown a 2011, ya saba wa mutanen Akra ganin zane a titi. Idan kuma tauraronka mawaƙi ne ba mai fenti ba, yana da kaka a wannan ƙasa: Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga sannan a Kete Krachi har ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara da yadda suka ci ƙasashe. Rubuta ƙorafi da Hausa a Gana ya girmi 'yancin kan ƙasar.

Abu na ƙarshe a kan zane shi ne ya kasance yana da sakamako, mai daɗi da mara daɗi. Wani ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook, dare ɗaya ya karaɗe gari, washegari maigidan da ya ba da bango ya tsorata ya sa a shafe da farin fenti. Wani mai neman kujera ya aiko a ce zai biya ta ta zana masa irinsa da fuskarsa a gefe, kuɗin kuma ya isa ya biya hayar ɗakinsu na shekara. Mastanta ya kore ta, ko ya yi shiru ya ajiye mata ragowar gwangwani a bayan ƙofa. Zanen da bai jawo wa mai shi kome ba, bai cancanci zama a tsakiyar littafi ba.

Batun lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin a nan kuskuren marubuci yana iya cutar da mai karatu na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, wanda ke nufin a duk ajin da aka karanta littafinka akwai waɗanda za su ga kansu a ciki. Ka fara da sanin abin da kake rubutawa a kai, domin ba duk ciwon ɗaya ba ne. Ciwon damuwa mai tsanani ya wuce ɓacin rai na kwana biyu: yakan ɗauki mako biyu ko fiye mutum ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da amfani. Firgita ta farat ɗaya takan zo da bugun zuciya da ƙuncin numfashi da gumi da jin kamar mutuwa ta zo, ta kai ƙololuwa cikin mintoci sannan ta lafa. Wanda ya ga tashin hankali kuma, kamar harbi ko turmutsitsi, yana iya fama da munanan mafarkai, da zabura idan an buga ƙofa, da kauce wa wurin da abin ya faru, kuma idan hakan ya zarce wata guda likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai buƙatar magani. Ka zaɓi ɗaya, ka karanta a kansa, ka tambayi ma'aikacin jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa, sannan ka ajiye sunan ciwon a aljihunka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Maimakon ka ce Hajara ta shiga damuwa, gwada irin wannan:

Ranar Laraba kasuwa ta cika, Mma ta aike ta sayo albasa. Tana isa bakin titi wani mai babur ya yi ɓarin hayaƙi da ƙara, sai ta tsinci kanta a tsugune bayan teburin mai koko, hannunta biyu a kan kunnuwa, kuɗin aiken a warwatse a ƙasa. Mai kokon ta ce, "'Yata, lafiya?" Ta ce lafiya lau, takalminta ne ya tsinke. Ta koma gida ta dogon lungu, ta ce wa Mma albasa ta yi tsada.

Daga nan sai yadda gida zai fassara abin. A Zango kalmomin farko da za a ji su ne iska, ko sammu, ko kambun baka, ko kuma a ce sangarta ce da raunin imani, kuma matakin farko shi ne a kai ta wurin malam a yi mata ruƙiyya a ba ta rubutu ta sha. Marubuci nagari ba ya yi wa wannan dariya, domin iyayen suna yin abin da suka sani ne saboda ƙauna, kuma addu'a tana kwantar wa mutane da yawa hankali. Amma kada ya ɓoye cewa akwai ciwon da yake buƙatar asibiti, kuma jinkiri yana da farashi. Mafi kyawun abin da na taɓa gani a wani rubutu da aka kawo mini shi ne malamin da kansa ya ce wa uban, "Alhaji, mun yi namu, yanzu ka kai ta wurin likita, shi ma sababi ne." Ka san kuma inda za a kai ta. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra da aka buɗe tun 1906, da Pantang, da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu. A Kumasi akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai kuma ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi da yawa, waɗanda su ne yarinya kamar Hajara za ta fi saurin gani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ce ta kafa hukumar da ke kula da wannan fanni ta kuma tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya. Sunan Pantang kansa ya zama abin zolaya a bakin yara, kuma tsoron kada a ce "an kai ta Pantang" ya ɓata mata aure nan gaba yana daga cikin abubuwan da za su hana uwa motsi. Wannan tsoro ya shiga labarin.

Kada zane ya zama magani. Wannan ita ce jarabar da ta fi kama masu irin wannan labari: yarinya ta kama buroshi, ta zubar da baƙin cikinta a bango, ta warke. Zane yana iya ba ta abin riƙewa da dalilin fitowa daga ɗaki, amma akwai makonnin da ba za ta iya ɗaga buroshin ba, kuma yabon da jama'a suke yi wa aikinta yana iya ƙara mata nauyi, domin kowa yana kiranta jaruma alhali ita ta san ba ta barci. Sauƙi yakan zo a hankali, da ci gaba da koma baya. Idan an ba ta magani, magungunan damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, ba kamar maganin ciwon kai ba ne. Idan wanta ya koma shan tiramadol domin ya danne nasa ciwon, kamar yadda ya faru da samari da yawa a unguwanninmu, ka nuna dalilin da illar, kada ka mayar da shi abin ƙyama kawai ko abin burgewa.

Idan labarin ya kai ga tunanin kashe kai, akwai ƙa'idojin da masana lafiya suka yi ittifaƙi a kansu, kuma ba na ganin marubuci yana da uzurin karya su. Kada ka bayyana hanya ko kayan aiki ko adadi. Kada ka nuna mutuwar a matsayin ramuwar gayya da ta sa kowa ya yi nadama, ko hanyar da ta sa aka ji kukan unguwa, domin mai karatu mai rauni yana iya ɗaukar wannan darasi. Kada ka rataya ta a kan dalili ɗaya. Ka nuna wanda ya shiga wannan hali ya faɗa wa wani, aka saurare shi, ya tsallake daren. Ka kuma san cewa sai a Maris 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, saboda haka idan labarinka ya faru kafin lokacin, tsoron 'yan sanda yana cikin dalilan da za su sa iyali su rufe maganar.

Harshe kuma fa? Hausar Zango ba ta Kano ba ce, kuma ba abin kunya ba ne. Mu a nan ba mu cika bambanta namiji da mace a magana ba, muna cewa "ya zaka", muna cusa Turanci da Tuwi da harshen Ga a jimla ɗaya. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a rubuta bayanin labari da daidaitacciyar Hausa domin mai karatu a Zariya ko Maraɗi ya bi, a bar ɗanɗanon Gananci a bakin taurari daidai gwargwado, kamar yaji a miya. Ka bambanta bakin kaka da na jika, da na malam da na ɗan bes. Kowane babi ya zama gajere, domin yawancin masu karatunka a waya za su karanta, a cikin torotoro ko bayan sallar isha'i.

Idan ka gama daftarin farko, ka ajiye shi mako biyu ko uku, sannan ka ƙirga shafukan da suka zo bayan ranar zanga-zanga. Idan ba su kai kusan rabin littafin ba, ka tsaya da wuri, ka koma ka rubuta washegarin. Bayan haka ka ba mutum uku su karanta: matashi mai shekarun tauraruwarka, wanda za ka roƙa ya yi alama a duk inda ya ji an yi masa wa'azi ko inda ya gaji, ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, domin ya duba alamomin ciwo da maganar magani, da wani da ya taɓa shiga zanga-zanga ko lauya, domin ya gyara maka abin da ya shafi kame da beli. Idan wani ya ba ka labarin ciwonsa ka yi amfani da shi, ka sauya suna da unguwa da sana'a yadda ko maƙwabcinsa ba zai gane shi ba, domin Zango ƙarami ne, ka kuma nuna masa wurin kafin ka fitar. Ko za ka buga littafin a takarda ne ko za ka riƙa sakinsa babi-babi a WhatsApp da Facebook, ka sa gajeriyar sanarwa a farko cewa akwai tashin hankali da ciwon damuwa a ciki, a shafin ƙarshe kuma ka rubuta wuraren da ake samun taimako a Akra da Kumasi, bayan ka kira kowace lamba da kanka ka tabbatar ana ɗauka.